MOTSA JIKI GA MAI CIWON HUHU: DARASI GA MUTANEN LAJAWA DA KEWAYE

Lajawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil, kuma yawancin mutanenta da noma da kiwo su ke ci. A wuri irin wannan ƙarfin mutum shi ne jarinsa. Magidancin da numfashi ya gaza masa har ba ya iya kaiwa gona, ko matar da ba ta gama daka sai ta zauna sau uku, ba lafiya kaɗai suka rasa ba, har da abincin gida. Abin da aka saba yi wa irin waɗannan bayin Allah shi ne a shimfiɗa musu tabarma a zaure ko a ɗaki, a ce su huta, yara su ɗauke musu kowane aiki har ɗaukar buta. Tausayi ne ya kawo haka, ba shakka. Amma likitoci sun gano cewa hutun nan, in ya zarce kwanakin da ciwo ya tashi, shi kansa ya kan zama cuta ta biyu a kan ta fari.

CIWON DA A KE NUFI

A bakin jama'a kusan kowane ciwon ƙirji mai daɗewa fuka ne, alhali kuwa cututtuka ne dabam dabam, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Akwai asma, wadda ta kan taso ta kwanta: hanyoyin iska su kumbura su tsuke, ƙirji ya riƙa kuka kamar usur, bayan an sha magani su buɗe. Akwai toshewar huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD a taƙaice. Ita ba ta kwanciya sarai, a hankali ta ke cin huhu cikin shekaru masu yawa, kuma manyan dalilanta su ne shan taba da hayaƙin icce ko kara da ƙura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021. Matar da ta yi shekara 30 tana hura wuta a ɗakin girki marar taga tana iya kamuwa da ita ko da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba. Na uku shi ne tabon da tibi ke bari. Mutum ya sha maganinsa na wata 6 cif, an auna an ce ƙwayar cutar ta mutu, amma haki da tari ba su rabu da shi ba, domin inda cutar ta ci ya warke da tabo, tabo kuwa ba ya numfashi.

Duk ukun nan motsa jiki na taimakonsu. Amma wanda ya yi mako 2 yana tari bai san dalili ba, balle in da zazzaɓin dare ko rama ko jini a kaki, wannan darasi bai zo kansa ba tukuna. Asibiti ya kamata ya nufa a auna kakinsa. Awon tibi da maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe don haka.

YADDA ZAMA KE ƘARA HAKI

Huhu kamar bishiya ya ke wadda aka kifa. Maƙogwaro shi ne gindi, ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rassa har su kai ga 'yan jakunkuna ƙanana ainun, wajen miliyan 300 zuwa 500. A cikinsu ne iskar oksijin ke shiga jini, gurɓatacciyar iska ta fita. Jini ya kwashi oksijin ya kai wa tsoka, tsoka ta ƙona abinci da ita, ta sami ƙarfin aiki.

To, ga inda matsalar ta ke. Tsokar da ta saba da aiki tana da tattali: iska kaɗan ta ishe ta aiki mai yawa. Tsokar da ta daɗe a zaune kuwa almubazzara ce. Da an taka kaɗan sai ta gaji, ta zuba wani tsami cikin jini, tsamin nan ya sa ƙwaƙwalwa ta umarci ƙirji ya ƙara saurin numfashi. Mai ciwon huhu ya ji haki, ya tsorata, ya zauna. Zaman ya ƙara raunana cinyoyinsa. Bayan wata guda, tafiyar da a da ba ta sa shi haki sai ta sa shi, ya ƙara zama. Haka abin ke ta kewayawa har mutumin da bara ya ke zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a ya wayi gari masallacin ƙofar gida ya yi masa nisa. Shi da iyalinsa su kan ɗauka huhun ne ya ƙara lalacewa, alhali sau da yawa ƙafafu ne suka mutu.

Lalle a faɗi gaskiya a nan, don kada a yi wa kowa romon baka. Motsa jiki ba ya mayar da huhun da ya lalace sabo. In aka auna huhun kafin a fara da bayan wata 2, da ƙyar za a ga bambanci. Abin da ke sakewa shi ne tsoka da zuciya da kuma tsoro, kuma su ukun nan su ne rabin wahalar.

Likitoci ma ba da wannan sani aka haife su ba. Kafin a sami maganin tibi, a Turai da Amurka kwantar da masu ita a ke yi watanni a gidajen jinya na musamman, a hana su ko da tashi zaune. A 1959 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Madras ta ƙasar Indiya, wadda yanzu a ke kira Chennai, aka ga waɗanda suka sha magani a gida suna harkokinsu sun warke daidai da waɗanda aka kwantar. A Amurka kuma Dokta Alvan Barach, tun cikin shekarun 1950, ya riƙa sa masu toshewar huhu tafiya a ƙasa maimakon kwanciya, sa'an nan a 1969 Dokta Thomas Petty na birnin Denver ya bayyana cikakken tsarin jinya wanda ya haɗa magani da koyarwa da motsa jiki. A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan mutum 3,822, aka ga masu bin irin wannan tsari hakinsu ya ragu, gajiyarsu ta ragu, kuma a tafiyar minti 6 sun ƙara wajen mita 44 a kan waɗanda ba su bi ba. Mita 44 ba nisa ba ce ga mai lafiya. Ga wanda ke lissafin taku tsakanin ɗakinsa da bayan gida kuwa, babban abu ce. Kada kuma a ce sai ƙasar da ke da injuna masu tsada: a asibitin Mulago na Kampala, a Yuganda, an gwada tsarin mako 6, sau 2 a mako, ga masu tabon tibi, da kayan aiki masu sauƙi, aka buga sakamakon a 2017, ya nuna an sami sauƙi.

KAFIN A FARA

Mai ciwo ya fara ganin likita ko malamin asibiti, a san sunan ciwon, a auna hawan jini, a saurari zuciya, gama ciwon zuciya ma ya kan zo da haki da kumburin ƙafa, shi kuwa hukuncinsa dabam. Babban Asibitin Wudil shi ne na kusa. In ana bukatar awon ƙarfin huhu ko ganin likitocin gashi da motsa jiki, a kan tura mutum Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda aka rubuta wa maganin shaƙa ya riƙa yawo da shi a aljihu, ya kuma tambaya ko zai shaƙa minti 10 zuwa 15 kafin ya fara motsi, domin wasu masu asma motsin kansa ke tayar musu da ita. Motsa jiki ƙari ne a kan magani, ba ya maye gurbinsa. Tsaga da ƙaho da cire belu ba su buɗe hanyar iska, haka kuma maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, danne tari kawai ya ke yi, ya bar kaki a ƙirji.

KOYON NUMFASHI

Wannan shi ne tushe, kuma a zaune a ke koyonsa, mako guda kafin a fara tafiya. Mutum ya zauna a kan benci ko turmi, ya saki kafaɗu. Ya ja iska ta hanci, baki a rufe, yana ƙirga ɗaya, biyu a zuci. Sa'an nan ya tsuke leɓe kamar mai hura kunu mai zafi, ya saki iskar sannu sannu yana ƙirga har huɗu. Ba a tura ta da ƙarfi, barinta a ke yi ta fita. Dalilin tsuke leɓe shi ne, a huhun da ya toshe ƙananan hanyoyin nan su kan rufe tun iska ba ta gama fita ba, tsohuwar iska ta maƙale, sabuwa ta rasa wurin shiga. Tsuke baki na riƙe su a buɗe ɗan lokaci. Shi ya sa mai haki ke ganin shigar iska ce ta gagare shi, alhali fitarta ce. A yi haka minti 5, sau 3 ko 4 a yini, har ya zama jiki, don ranar da haki ya taso ba a koyon sabon abu.

In an iya wannan, sai a ɗora hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji, a yi ƙoƙari na ciki ya riƙa tashi in an ja iska. Wasu waɗanda ciwonsu ya yi nisa su kan ji wannan na ƙara musu wahala; su bar shi, su tsaya ga na farko.

Haki in ya kama mutum a hanya, kada ya yi ta haɗiyar iska da baki a buɗe. Ya tsaya, ya ɗan sunkuya gaba, ya dafa gwiwoyi ko sanda ko katanga, ko ya zauna ya ɗora damatsa a kan cinyoyi, ya koma numfashin hura kunu. Cikin 'yan mintoci ya kan lafa. Masu kaki da yawa kuma su daina tarin da ke girgiza haƙarƙari. Su ja numfashi mai zurfi sau 3, sa'an nan su buɗe baki su yi huci mai ƙarfi kamar mai son madubi ya yi gumi, sau 1 ko 2. Hucin nan na turo kaki sama, tari ɗaya ya fitar da shi. A tofa a gwangwani mai murfi, a binne, kada a tofa a tsakar gida inda yara ke wasa.

TAFIYA

Ba abin da ya kai tafiya a ƙasa amfani, kuma ba ta cin ko kwabo. Ranar farko a yi awo. A sami fili shimfiɗaɗɗe, a kafa duwatsu biyu tsakaninsu mita 30, watau wajen taku 40 na babban mutum. Wani ɗan gida ya riƙe agogon waya, mai ciwo ya yi ta kai da kawowa har minti 6, yana hutawa in ya bukata, ana jefa tsakuwa a ƙwarya duk sa'ad da ya kai dutse. A rubuta yawan tsakuwa da kwanan wata. Bayan mako 4 a sake, bayan mako 8 a sake. Amfanin wannan shi ne sauƙi a hankali ya ke zuwa, mai shi ba ya lura, amma ƙwarya ba ta ƙarya.

Daga nan sai tafiyar kullum. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 5, ko ma minti 2 sau uku da hutu a tsakani. Kowane kwana 3 ko 4 ya ƙara minti ɗaya, har ya kai minti 20 zuwa 30, kwana 5 a mako. Ma'aunin sauri kuwa magana ce. In yana iya gaisawa da amsa gaisuwa da gajerun kalmomi, yana ɗan haki, daidai ke nan. In ba ya iya cewa ko da "lafiya lau" sai ya tsaya, ya yi sauri da yawa. In kuwa yana iya zuba hira ba yankewa, bai kai ba. Wajibi ne iyali su fahimci wannan, domin su ne kan fara ihu da sun ga tsoho na haki. Ɗan hakin da ke lafawa cikin minti 5 ba ya cutar da huhu, shi ne ma alamar aikin na ci.

Alamun da ke cewa a tsaya nan take dabam su ke: ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, jiri, bugun zuciya barkatai, leɓe ko farce su yi duhu, jini a kaki, ko hakin da ya ƙi lafawa bayan an huta an shaƙi magani. Mai irin wannan a kai shi asibiti a ranar. Wanda ke da 'yar na'urar nan da a ke maƙalawa a yatsa, in ta sauka ƙasa da 88 ya tsaya ya huta, ya kuma gaya wa likita. Ranar zazzaɓi, ko ranar da kaki ya ƙaru ya sake launi, ba a motsa jiki. Bayan an warware sai a koma da rabin abin da a ke yi a da.

Kwana 2 ko 3 a mako a ƙara da na ƙarfafa gaɓoɓi. A zauna a benci a miƙe, a zauna a miƙe, sau 5 da fari, a kai 10. A ɗauki gorar ruwa ta rabin lita a kowane hannu, nauyinta rabin kilo ke nan, a ɗaga zuwa kafaɗa a sauke. A dafa bango da tafin hannu a tura. Ƙa'ida ɗaya ce a duka: a saki numfashi lokacin da a ke yunƙuri, kada a riƙe shi. Ita wannan ƙa'ida har wajen ɗaga buhu ko jan guga tana aiki.

MAGANAR YOGA

Yanzu da waya ta shiga kowane ƙauye, samari kan nuna wa iyayensu hotunan wani motsa jiki da a ke kira yoga. Asalinsa daga Indiya ya ke, daɗaɗɗe ne ƙwarai, kuma a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni. Ya ƙunshi miƙe gaɓoɓi a hankali, da tsara numfashi, da natsuwa. A 2016 aka tattara gwaje-gwaje 15 a kan masu asma 1,048, aka ga yana ɗan rage musu damuwar ciwon, ko da ya ke ba a tabbatar yana rage bukatar magani ba. Taimako ne, amma bai kai tafiya ba.

Yoga a tushensa yana haɗe da ibadar Hindu, shi ya sa Musulmi da yawa ke ƙyamarsa, kuma ba a bukatar kowa ya ɗauki abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Abin da asibiti ke ɗauka a ciki ba shi da karatu ko rusuna wa wani abu. Mutum ya zauna a kujera, ya ɗaga hannuwa sama yana jan iska, ya sauke yana saki. Ya juya kafaɗu baya sau 5. Ya dafa ƙugu ya karkata dama, ya karkata hagu, don haƙarƙari su saki. Ya haɗa hannuwa a baya ya buɗe ƙirji. Minti 10 sun isa. Akwai kuma abubuwan da ke cikin hotunan nan waɗanda mai ciwon huhu zai guje musu ko da mai koyarwa ya yabe su: riƙe numfashi, da numfashin sauri kamar zugazugin maƙera, da duk tsayuwar da ke sa kai ƙasa ƙafa sama, da kwanciya rigingine ba matashi ga wanda hakan ke toshe shi.

LOKACI DA WURI

A ƙasar Kano yanayi ke yanke wa mutum lokaci. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska na ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga sanyin asuba mai tsuke hanyoyin iska. A lokacin nan a jira hantsi, wajen ƙarfe 10, a rufe hanci da baki da takunkumi ko gefen rawani, a shaƙa ta hanci. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta koma kamar faifai, a yi motsin a cikin ɗaki. Da bazara kuwa, da zafi kan haura digiri 40, bayan sallar asuba ya fi, ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu. A kauce wa bakin kwalta, da wurin injin niƙa, da inda a ke sussuka da shiƙa da kaka. Manomin da ke son ya riƙe fartanya da damina, tun watan Maris ya kamata ya fara, gama mako 6 zuwa 8 a ke bukata kafin a ga amfani, kuma in aka daina, amfanin kan zube cikin 'yan watanni.

Matan da ba su fita ba a bar su a baya ba. Tsakar gida ta isa: a kewaya ta ana ƙirgawa, ko a yi ta kai da kawowa tsakanin ƙofar ɗaki da rijiya. Amma banza ne mace ta yi minti 20 tana gyara numfashi sa'an nan ta yi awa 3 cikin hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. A fitar da murhu fili, a yi amfani da busasshen icce, a huda taga a ɗakin girki, wata ta karɓi hura wuta in da hali. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da kaskon garwashi a ɗaki rufe duk hayaƙi ne. Gidan sauro ya fi. Mai shan taba kuwa, barinta ya fi duk abin da ke cikin takardar nan amfani.

Mai shan maganin tibi, a makonni 2 na farko ya yi tafiyarsa shi kaɗai a fili, don kada ya sa wa wasu. Wanda ya rame ya ƙara cin wake da gyaɗa da ƙwai da nono dafaffe, kaɗan kaɗan sau 5 a yini, domin cikin da ya cika tim na danne huhu, kuma a bar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin tuwo da motsi.

Da watan azumi a mai da tafiya bayan buɗa baki, a rage tsawonta. Malamai sun yi saɓani a kan ko maganin shaƙa na karya azumi, saboda haka mai ciwo ya tambayi malaminsa tun watan Sha'aban, ya tambayi likita kuma yadda za a mai da lokutan shan ƙwayoyi zuwa sahur da dare. Maganin tibi dai ba a tsallake masa ko kwana ɗaya. Takardar da a ke rubuta yawan tsakuwa da mintocin tafiya a riƙa haɗa ta da katin asibiti, a nuna wa likita duk ranar da aka koma.